Tafi Wa Masani Da Tambayar Manomi



An umurce ni in yi magana a kan ɗan shirinmu na kimiyya da harshen Hausa, wanda muke ɗauka da waya muna ɗorawa a intanet, wato abin da ake kira fodkas, musamman yadda za mu riƙa shawo kan masana su zo su yi wa jama'a bayani. Ni ba gwani ba ne, sai dai na taɓa shan ƙasa a wannan fage, gani ga wane kuwa ya isa wane tsoron Allah.

Bara na rubuta wa wani malamin kimiyyar tsirrai takardar gayyata, shafi biyu cur. Na cika ta da kirari, na kira shi fitila, na kira shi kogi, amma ban faɗa masa abin da muke so ya yi magana a kai ba, balle tsawon lokacin da zai ba mu. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Laifin kuwa nawa ne.

Da na je hutu gida, Gumbin Kure, sai na tarar da kawuna yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin rudu, ana zubarwa kwando kwando. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan jami'a, me ke sa albasa ruɓewa tun daga wuya?" Na rasa ta cewa. Da hutu ya ƙare sai na ƙunsa guda uku, na kai wa malamin nan har ofis. Bayan mun gaisa na ce, "Allah ya gafarta malam, manomi ne ya aiko ni da tambaya. Muna roƙon minti 20, da Hausa." Ya jujjuya albasar, ya shinshina, ya ce in sa rana.

A cikin shirin ya bayyana cewa albasar da aka ajiye wuyanta bai bushe ba, ta nan ƙwayoyin cuta suke samun ƙofa. Maganin abin shi ne a daina ban ruwa kafin cira, a bari ganye ya kwanta, kada a yawaita takin zamani a ƙarshen noma, a shanya ta inda iska ke kaɗawa, a kuma ware mai rauni kafin a zuba a rudu. Wannan bayani ya daɗe a cikin littattafan Turanci, alhali kuwa kuɗin talaka na narkewa a bayan gida.

To, abin da na koya shi ne, masani ba ya buƙatar kirarinmu, tambaya ta gaskiya ce ke tayar da shi daga kujera. In za ku gayyace shi, ku tafi da ƙafarku, ku gaya masa wanda ya yi tambayar, da waɗanda za su saurara, da mintocin da kuke so. Ku ba shi tambayoyin tun da wuri. Da yawansu abin da ke hana su shi ne tsoron rasa kalmomin Hausa, saboda da Turanci suka yi karatu. Sai ku zauna tare ku nemo kalmomin, ku kuma yi masa alkawarin zai saurari shirin kafin a sake shi.

Bugu da ƙari, kada mu ɗauka mai digiri kaɗai ne masani. Aliero ta yi suna da albasa, ta kuma yi suna da maɗora, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa. Maɗori ya gaji sanin hannu, likita kuma yana da hoton ƙashi, wanda Bajamushen nan Röntgen ya gano haskensa a 1895, ya kuma san ɗaurin da ya yi tsanani yakan tsayar da jini har gaɓa ta lalace. In muka zaunar da su biyun cikin mutunci, ba don a kunyata wani ba, wanda ya karye shi zai ci riba.

'Yan'uwa, wannan aiki ba wasa ba ne. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, iyayensu kuwa ba su san ƙurar dutsen da ake niƙawa a tsakar gida ce ke kashe su ba. Mutanenmu ma'abota sauraro ne. Tun 1957 suke kama sashen Hausa na BBC, yau kuma ga waya a aljihun 'yan kasuwar Jega da manoman Maiyama. Tun 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. Ga masu sani, ga masu son ji, saura ɗan aike a tsakani, mu ne kuwa 'yan aiken.

Don haka roƙona shi ne, in an tafi hutu kowa ya dawo da tambaya ɗaya daga bakin mutanen garinsu, mu kuma za mu nemo wanda zai amsa ta. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.