Kwalbar Man Zaitun da Abin da Ke Cikinta

 

Falalar zaitun ba sai na tsaya a kanta ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san surar da aka yi rantsuwa da shi a cikinta, kuma malaman da ke zaune a sahun gaba sun fi ni sanin ruwayar Tirmizi da ta kwaɗaitar da cin man da shafa shi. Abin da ya kawo ni shi ne rabin da muka yar. Mun riƙe shafawa da lasa a cokali, mun bar ci. Yau in kana neman man zaitun a garin nan, shagon magungunan Musulunci za a nuna maka, inda yake jere da habbatus sauda da zuma da hulba. A kudu kuma masu zuwa coci ne manyan masu sayensa, don shafe goshi. Shekara da shekaru ina gaya wa abokan aikina cewa nan ne ƙofar da algus ke shigo mana. Wanda ya sayi mai don abinci, harshensa zai faɗa masa gaskiya tun a lomar farko. Wanda ya saya don magani kuwa, in ya ji wari, sai ya ce ƙarfin maganin ne.

Mu je inda man ya fito. A shekara mai albarka, Sifaniya ita kaɗai tana fitar da sama da kashi 40 cikin ɗari na man zaitun na duniya, mafi yawansa daga Andalusiya. Lardin Jaén kawai yana da itatuwa fiye da miliyan 60, kuma kusan lita ɗaya cikin kowace biyar ta duniya daga can take. Masu ce mini sai na Italiya, su sani cewa Bertolli da Carapelli, sunayen da suke alfahari da su, mallakar wani kamfanin Sifaniya ne mai suna Deoleo, kuma 'yan kasuwar Italiya sun daɗe suna sayo man Andalusiya a tanka suna ɗurawa a kwalabensu. A Madrid ne kuma Majalisar Zaitun ta Duniya take, wadda aka kafa a 1959, mai tsara darajojin da ake rubutawa a jikin kwalba.

Darajojin nan su ne abin da mai saye ya kamata ya haddace. Na sama shi ne wanda aka rubuta wa "virgen extra" ko "extra virgin". Wannan ruwan 'ya'yan itace ne zalla: an niƙa zaitun, an dama, an raba mai da ruwa da inji, ba wuta mai yawa, ba sinadari. Asid ɗin da ke cikinsa ba zai wuce kashi 0.8 ba, kuma sai masu ɗanɗano na hukuma sun shaida ba shi da aibi ko ɗaya. In an ƙara rubuta cewa tatsar sanyi ce, dokar Tarayyar Turai ta ce zafin bai kai digiri 27 ba. Ƙasa da shi akwai "virgen" kawai, mai asid har kashi 2. Sai wanda aka rubuta wa man zaitun ba ƙari, ko aka yi masa kirari da "pure" ko "light". Kada kirarin ya ruɗe ku: mai ne da bai ciwu yadda yake, aka kai matata aka cire masa wari da launi da ɗanɗano, aka ɗan zuba masa na kirki. Na ƙarshe shi ne "orujo" ko "pomace". Ku ɗauka an gama matse gyaɗa, sai a koma kan tunkuzar a jiƙa ta da wani sinadari dangin fetur mai suna hegzen don a tsotse ɗan man da ya rage. Ana iya soya abu da shi, ba haram ba ne, ba guba ba ne. Amma ku juya kwalaben da ke gidajenku yau da dare ku karanta ƙananan rubutun. Wasunku za su tarar shi suka yi shekaru suna ba yara a cokali da asuba.

Na taɓa shiga wata matsar manoma a lardin Jaén a watan Nuwamba, farkon girbi. Man yana zubowa daga bututu kore shar, da ɗan dishi-dishi, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Suka zuba mini kaɗan a wani ƙaramin kofin gilas mai launin shuɗi, suka ce in rufe bakinsa in dunƙule shi a tafin hannu ya ɗan ji ɗumi. Shuɗin ba ado ba ne, don kada ido ya ga launin mai ya yi wa harshe shisshigi ne, domin kore ko rawaya ba ya nuna kyau ko rashinsa. Na shaƙa, na ji ɗanyar ciyawa da ganyen tumatir. Na kurɓa, ɗaci ya biyo baya, sai maƙaƙi ya kama ni a maƙogwaro har na yi tari. Dattijon da ke kula da injin ya yi dariya ya gyaɗa kai, domin a wurinsu tarin nan yabo ne. Wani sinadari ne ke jawo shi, oliyokantal, wanda masu bincike a Amurka suka ba da rahoto a mujallar Nature a 2005 cewa aikinsa na kama da na maganin ciwon jiki ibuprofen. Man da na kurɓa ɗin nau'in Picual ne, sarkin Jaén. Wanda ba ya son ɗaci ya nemi Arbequina na Kataloniya, mai laushi da ɗan zaƙi. Hojiblanca na Córdoba da Málaga yana tsakani.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi.

Ranar 1 ga Mayun 1981, wani yaro ɗan shekara takwas daga Torrejón de Ardoz, kusa da Madrid, ya rasu a hanyar asibiti da abin da aka zaci ciwon huhu ne. Cikin 'yan makonni asibitocin Madrid da na garuruwan arewa maso yammanta suka cika. Tari, zazzaɓi, ƙuraje, numfashi da ƙyar. Hukuma ta nace cewa ƙwayar cuta ce. Ministan lafiya na lokacin, Jesús Sancho Rof, har ya fito ya kwatanta ta da wani ɗan mitsitsin ƙwaro da zai mutu in ya faɗo daga kan tebur. Wani likitan yara a asibitin Niño Jesús, Juan Manuel Tabuenca, shi ne ya bi diddigin abin da iyalan ke ci, ya gano bakin zaren, aka sanar ranar 10 ga Yuni. Mai ne. An shigo da man kolza, wani tsiro dangin kabeji, daga Faransa da sunan aikin masana'antu, an zuba masa sinadarin anilin da gangan don kada a ci. Wasu 'yan kasuwa suka tace shi don su cire anilin ɗin, suka gauraya da wasu mayukan, suka ɗura a jarkokin roba masu cin lita biyar, ba suna, ba lamba. 'Yan talla suka bi unguwannin ma'aikata da kasuwannin mako suna sayarwa da araha, mutane suna saye a matsayin man zaitun.

Kimanin mutum 20,000 suka kamu. Sama da 300 suka mutu tun a zangon farko, wasu kuma suka bi bayansu a shekarun da suka biyo. Waɗanda suka rayu da yawa sun ƙare da shanyewar jijiyoyi, ƙandarewar fata da ciwon tsoka na har abada. Mata sun fi maza kamuwa. Ba a fara shari'a ba sai 1987, hukunci ya fito a 1989, kuma sauƙinsa ya sa waɗanda abin ya shafa suka yi bore a harabar kotu. Sai a 1997 Kotun Ƙoli ta ɗora wa gwamnati alhakin biyan diyya. A Oktoban 2021, shekara arba'in bayan abin, wasu daga cikinsu suka shiga gidan tarihi na Prado suka yi zaman dirshan, don har lokacin suna ganin an manta da su. Har yau masana ba su tsayar da takamaiman ƙwayar sinadarin da ta yi ɓarnar ba.

Ku dubi waɗanda suka mutu. Ba masu kuɗi ba ne. Mai kuɗi ya shiga kanti ya sayi kwalba mai hatimi. Talaka ne ya ga araha, ya ga mai tallar da ya saba gani, ya yarda. Wannan ya faru ne a ƙasar da kowace tsohuwa ta san ɗanɗanon man zaitun tun tana goye. To ina ga mu, da yawancinmu ba mu taɓa ɗanɗana na ainihi ba balle mu gane jabu? Sifaniya ta ɗauki darasi: a 1984 ta yi babbar dokar kare masu sayen kaya, kuma tun 2014 gidan abinci ba shi da izinin ajiye wa baƙo man zaitun a kwalbar da za a iya sake cikawa. Sai mai hatimi, mai suna. Mu kuwa da muka sha jin gargaɗi kan manjan da ake zuba wa rini don ya ƙara ja, har yanzu muna sayen man zaitun a ɗure cikin robar da ba a san wanda ya cika ta ba.

Lissafi ma ya isa ya farkar da mutum. Sai an matse wajen kilo biyar na zaitun kafin a sami lita ɗaya. Da fari da zafi suka afka wa Andalusiya, abin da Sifaniya ta samu ya faɗo daga kusan tan miliyan ɗaya da rabi a kakar 2021/22 zuwa ƙasa da tan 700,000 a kakar da ta biyo. Farkon 2024 kilo ya kai wajen yuro 9 tun a bakin matsa. Kantuna a Sifaniya suka riƙa sa wa kwalabe makulli saboda ɓarayi, gwamnati ta cire harajin saye a kan man gaba ɗaya na ɗan lokaci daga Yulin shekarar. Farashin ya sauko bayan ruwa ya dawo. Amma a wancan lokacin, ga tsadar yuro, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, duk wanda ya sayar maka da "extra virgin" a farashin da bai fi na man gyaɗa da yawa ba, ka tambayi kanka wace sadaka yake yi.

Na san abin da wasu za su ce, sun sha faɗa mini a taro. Wai talaka ina ruwansa da man zaitun, a yi maganar man gyaɗa. Ai talakan ne ke sayen ƙananan kwalaben, kuma shi ake cuta. Wasu likitoci kuma suna cewa binciken PREDIMED, wanda ya nuna amfanin man ga zuciya, an janye shi. An janye na 2013 saboda kurakurai wajen raba mutane rukuni-rukuni, an sake lissafi an buga a 2018, sakamakon ya tsaya kusan inda yake: cikin mutum 7,447, waɗanda aka ba man sun sami raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30. Sai dai a lura, wajen cokali huɗu a rana aka nemi su ci, cikin abinci, tare da wake da kifi da ganye, shekara bayan shekara. Ba wanda aka ce ya lasa ya kwanta. Masu cewa ba a suya da shi kuwa, su je Málaga su ga yadda ake soya kifi.

Cinsa ba wuya. Mutumin Andalusiya da safe yana gasa burodi, ya goga tumatir, ya kwarara mai, ya barbaɗa gishiri, shi ke nan kalaci. Mu ma muna da abincin da ake zuba wa mai a sama: ɗanwake, garau-garau, kwaɗon zogale. Ku gwada Picual a kan ɗanwake da yaji. 'Ya'yan zaitun na ci su ma a san su. Manzanilla da Gordal na Sevilla ana jiƙa su a ruwan soda don ɗacin ya fita, a wanke, a bar su su yi tsami a ruwan gishiri. Aloreña na Málaga fasa shi ake yi, ba soda, a sa tafarnuwa da ganyen ƙamshi. Baƙaƙen nan na gwangwani masu sheƙi, waɗanda aka cire wa ƙwallo, ba nuna suka yi a bishiya ba: da iska aka baƙanta su, aka kama launin da gishirin ƙarfe. In kun ga E579 a jiki, shi ne.

Ga mai saye, shawarata ba ta canza ba. A nemi kwalba mai duhu ko gwangwani, a duba ƙasar da aka rubuta, a duba shekarar girbi in akwai, domin man zaitun ba ya ƙara kyau da tsufa. Tambarin yanki irin su Priego de Córdoba, Baena ko Sierra de Cazorla ƙarin tabbaci ne. A sayi ƙarama a cinye cikin wata biyu, a ajiye nesa da murhu. Kwalbar da ta wuni a kan tebur a ranar Afrilu ta Kano, ko daga gona mafi kyau ta fito, ta riga ta mutu. Gwajin sa shi a firji a ga ko zai daskare kuma ku bar shi, ba ya tabbatar da komai.

Ga hukuma kuwa, roƙona ga NAFDAC da hukumar ingancin kaya ta SON shi ne dai na tun da can. Duk kwalbar da za ta shiga kasuwa a tilasta rubuta darajarta da manyan baƙaƙe a gaba, har da Hausa. A haramta ɗura man zaitun a robar da ba hatimi. A riƙa sayo samfuri daga shaguna ba tare da sanarwa ba, a auna, a buga sakamakon da sunayen kamfanoni a jarida da rediyo. Awon asid da na tsufan mai ɗalibin aji uku a sashenmu yana yin sa kafin azahar. In kayan aiki ne matsala, ɗakin gwajinmu a buɗe yake, a turo kwalaben.