Gayyar gyaran turbar keke

Magana guda na kawo muku: ba taya ke kashe turba ba, ruwa ne. Nan Adar, turbar da ta sauko miƙe daga kan dutse, damina guda ta isa ta maida ta kwazazzabo. Don haka ran gayya mu karkata ta ta bi gefen tudu, mu haƙa magudanai, mu jera duwatsu inda ruwa ke tsallakawa. Amma mu fara gaida mai gari da masu gonaki, kar mu ci iyakar kowa. Ƴan lakwal da masu kai marar lafiya likita ma ita suke bi. Ran Asabar kowa ya zo da digarsa, tun ruwa bai sauka ba.