Sabuwar Dokar Wasan Tanis da Yaranmu



A gasar Wimbledon ta 2010 a Ingila, John Isner da Nicolas Mahut sun fafata awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, domin dokar lokacin ba ta yanke zagayen ƙarshe sai wani ya ba da ratar wasa 2. An tashi 70 da 68. Isner ya ci, amma gajiya ta sa aka lallasa shi washegari.

Tun 2022 manyan gasa huɗu na duniya suka daidaita doka: in aka yi 6 da 6 a zagayen ƙarshe, sai a raba gardama da maki 10. Jiki ya samu sauƙi, nauyi ya koma zuciya, don kuskure kaɗan kan rushe wahalar yini.

Saboda haka yaranmu na Madabo masu burin gasar Dala Hard Court a nan Kano, ƙarfi kaɗai ba zai ishe su ba. Ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗaukar musu mai horarwa da zai koya musu natsuwa. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.