JAWABI GA MASU DAWAKI: YADDA ZA KU SABA DA SABON DOKI

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, domin maganar yau ta shafi dukiyarku da lafiyar 'ya'yanku.

Maganar doki ce. Kowa ya san darajar doki a ƙasar Hausa. A fadar sarakunanmu akwai sarautar Madawaki da ta Shamaki, duk saboda doki. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. To amma ku dubi abin da ke faruwa a ƙauyukanmu. Mutum ya sayar da buhunan gero, ko ya sayar da sa, ya tafi kasuwa irin ta Maigatari ko ta Mai'adua, ya sayo doki. Kwana uku bai yi ba ya ɗora masa sirdi, ya cusa masa linzami, ya hau da bulala. Doki ya yi tutsu, ya ka da shi, ko ya harbi yaro a bakin turke. Sai a ce dokin mugu ne, a mayar da shi kasuwa a karyar. Kuɗi sun tafi, wani lokaci har da ƙafar mutum. Laifin wane ne? Jama'a, laifin gaggawa ne.

Doki ba ya jin Hausa, amma yana magana, kuma da jikinsa yake yi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga abubuwa biyar, ku riƙe su.

NA FARKO: KU SAN YADDA YAKE GANI

Allah ya halicci doki a matsayin dabbar da namun daji ke farauta, shi ya sa tsoro ke kusa da shi, gudu kuma shi ne makaminsa. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai wuri biyu: daidai gaban goshinsa, da kuma daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta baya shiru, a wurin doki ba shi da bambanci da kura. Saboda haka ku riƙa zuwa masa ta gefe, wajen kafaɗa, kuna tafe a hankali kuna magana ƙasa-ƙasa. Ku gargaɗi yara: ba a wasa a bayan doki, ba a tsugunawa ƙarƙashin cikinsa.

NA BIYU: KU KARANTA KUNNE DA WUTSIYA

Idan kunnuwansa biyu sun miƙe gaba, hankalinsa na kan abin da yake kallo. Idan kunne ɗaya ya juyo wajenka, yana sauraronka. Idan ya kwantar da su baya har suka manne da wuya, to gargaɗi ne, cizo ko harbi na tafe, ka ja da baya. Idan ya ɗaga kai sama, farin idonsa ya bayyana, hancinsa ya buɗe yana huci, tsoro yake ji, kuma duka ba ya maganin tsoro, ƙara shi yake yi. Idan yana kaɗa wutsiya da ƙarfi alhali babu ƙuda, wani abu ya dame shi. Amma idan ya sauke kai, leɓensa na ƙasa ya saki, ya jingine ƙafar baya ɗaya a kan bakin kofato, to hankalinsa ya kwanta. Wannan ita ce alamar da kake nema.

NA UKU: SHI MA YANA KARANTA KA

Kada ku ɗauka ku kaɗai ke kallo. A shekarar 2016 masana a Jami'ar Sussex ta ƙasar Ingila sun nuna wa dawaki hotunan fuskokin mutane, suka gano doki na bambanta fuskar fushi da ta fara'a, har bugun zuciyarsa ya ƙaru idan ya ga mai fushi. A 2018 suka sake gano cewa yana riƙe abin a ransa, idan ya haɗu da mai fuskar bayan wasu awoyi yakan tuna. Watau idan an ɓata maka rai a gida ko a gona, kada ka kai fushin bakin turke. Ka saki kafaɗunka, ka daina ɗaga hannu farat ɗaya, kada ka tsare shi da ido ka nufo shi kai tsaye. Ka ɗan juya masa gefenka, ka miƙa bayan hannunka, ka bari shi ya miƙo wuya ya sansana. Idan ya kau da kai, ƙyale shi, gobe ma rana ce.

NA HUƊU: MAKON FARKO NA BAƘUNTA NE

Sabon doki baƙo ne. Ya rabu da abokansa, ya rabu da ruwan da ya saba sha. A makon farko kada ka hau shi. Kai da kanka za ka riƙa kai masa harawa da ruwa, a lokaci guda kullum. Ka tambayi wanda ya sayar maka abin da yake ci, ka ci gaba da ba shi, in za ka canja masa dusa ko hatsi ka yi sannu-sannu cikin kwana 7 zuwa 10. Dalili shi ne tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya iya amai, canjin abinci farat ɗaya na kawo ciwon ciki mai kisa. Ruwa kuwa, doki na shan lita 20 zuwa 40 a rana, da bazara ya fi haka. Ku ware shi daga sauran dawaki na mako biyu zuwa uku, don kada ya shigo da cuta barga. Rigakafi ya fi magani.

Idan ya fara sabawa, ka fara sosa masa wuya da tudun kafaɗa, inda dawaki ke sosa wa junansu. Daga nan ka sa masa ragama ka ja shi yawo a ƙasa. Ga sirrin horo: ka ɗan ja igiya kaɗan, da zarar ya taka ƙafa ɗaya gaba, ka sassauta nan take. Sassautawar ce ke koya masa cewa ya yi daidai. Wanda ya ci gaba da ja bayan doki ya bi umarni, shi ke koya masa taurin kai. Sirdi kuma ka bari ya sansana shi tukuna, ka ɗora ka sauke, ka ɗora ka sauke, kafin ranar da za ka sa ƙafa a likkafa.

NA BIYAR: KU BAMBANTA CIWO DA TSAGERANCI

Doki mai ladabi da ya fara cizo idan an zo ɗaura sirdi, ku duba bayansa, ƙila akwai gyambo. Wanda ke girgiza kai ya ƙi linzami, ku duba bakinsa da haƙoransa. Wanda ya ƙi cin abinci, yana tona ƙasa da kofato, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana birgima yana gumi, wannan ciwon ciki ne. Ku ɗauke abinci daga gabansa, ku aika a kira likitan dabbobi, kada ku jira gari ya waye.

'Yan'uwa, yarda ba a sayenta a kasuwa. Kuɗinka sun saya maka doki da ragamarsa, amma amanarsa sai ka nema da haƙuri, kullum kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. Dokin da ya yarda da kai, shi zai tsaya cik ran Sallah ana buga bindiga ana kaɗa tambari, shi zai kai ka kasuwa ya dawo da kai lafiya, ɗanka ya kai masa ruwa hankalinka kwance.

Don haka ku koma gida ku gaya wa maƙwabta. A ajiye bulala, a buɗe ido. A dubi kunne kafin a kama ragama. A ba baƙo kwanakinsa kafin a ɗora masa sirdi.

Allah ya tsare mana dabbobinmu, ya ba mu damina mai albarka, ya bar mu cikin zaman lafiya.