Cinikin Kuskus a Duniya: Abincin Magrib, Alkamar Kanada



Gabatarwa

A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar kuskus da al'adun cinsa cikin jerin gadon ɗan Adam, bisa buƙatar da Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Muritaniya, ƙasashen yankin Magrib, suka gabatar tare. Babu mai ja da mutanen Magrib a kan asalin abincin nan. Sai dai wannan takarda na son nuna cewa ribar cinikinsa tana bin mai hatsi da mai inji, kuma a nan ne masu abin suke da rauni.

Hatsi

Kuskus ɗin da ake fitarwa ƙasashen waje da tsakin alkama mai tauri ake yin sa, wadda ake kira durum. Ƙasashen Magrib suna noma ta, amma nomansu ya dogara da ruwan sama, kuma abin da suke girbewa ba ya isar su. Shi ya sa jiragen ruwa ke kawo musu ita daga Kanada, ƙasar da ta fi kowace fitar da durum, musamman daga lardin Saskatchewan. Da fari ya afka wa gonakin Kanada a 2021, farashin durum ya yi tashin gwauron zabi. Kafin a farfaɗo, yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022, kasuwar alkama ta sake rikicewa. Uwar gida a Kasablanka ko Tunis ta ji raɗaɗin abin a tukunyar kuskus ɗinta ta ranar Juma'a, gwamnatoci kuma suka ji shi a kuɗin tallafin abinci.

Masana'anta da kasuwa

A gida, mata ne ke yayyafa wa tsaki ruwa, su murza da hannu, su tankaɗe, su turara, su shanya. Yau inji ke yin duk wannan, ya zuba a leda ko kwali. Kamfanin Dari da ke Sale a Maroko ya shiga wannan fage da ƙarfi, amma yana gogayya da irin su Tipiak na Faransa da masana'antun Italiya, waɗanda suka gaji ƙwarewar sarrafa durum daga sana'ar taliya. Faransa kuwa babbar kasuwa ce, domin 'yan asalin Magrib da Faransawan da suka baro Aljeriya a 1962 sun mayar da kuskus abincin kowa. Wanda ke kusa da manyan kantuna, yake da jari da sunan da aka sani, shi ke kwashe kaso mai tsoka.

Ƙofar da ke buɗe

Ƙa'idar kuskus da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta fitar a 1995 ta yarda a kira abin da aka yi da wani hatsi kuskus, muddin an rubuta sunan hatsin a jikin kaya. Mutanen Magrib sun daɗe da sanin na sha'ir. Senegal na da na gero, mu ma mun san burabusko da dambu, amma kuskus ɗin waje ne ke cike da kantunanmu. Ga kuma binciken cibiyar nazarin noma ta ICARDA a kwarin kogin Senegal, wanda ya samar da irin durum mai jure zafi.

Kammalawa

Shawarata uku ce. Ƙasashen Magrib su zuba jari a irin da ke jure fari, su rage dogaro da mai sayarwa ɗaya. Ƙasashen Sahel su taimaki ƙungiyoyin mata da injin busarwa da marufi mai tsabta, don na gero ya cika sharaɗin fitarwa. Sannan a yi amfani da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka fara ciniki a ƙarƙashinta a Janairun 2021, domin kaya su riƙa zirga-zirga tsakanin arewa da kudancin Sahara. Idan aka yi haka, manomi da mai sarrafawa na nahiyar nan za su ci moriyar abincin da kakanninsu suka ƙirƙira.