Gyara Ba Bashi Ba Ne



Yau daga kasuwa zan fara. Idan ka sayi tumatir mai kaya ya ɗora maka biyu ko uku a kai, gyara ke nan ko? To haka marubutanmu na intanet suke mana. Littafi ya ƙare, sai a sako ƙarin babi: bikin ƙanwar jaruma, ko gajeren labarin wani da ba a ba shi fili sosai a cikin littafin ba.

Mu makaranta mun kasu biyu. Wasu su ce, "Ai an yi aure an haihu, sauran duk surutu ne," ko buɗewa ba za su yi ba. Wasu kuma su hana marubuciya barci a WhatsApp, "Anti ina ƙarinmu?" kamar masu bin bashi. Da ta ce a biya ko ɗari biyu ce, sai rai ya ɓaci, ko kuma mutum ɗaya ya saya ya watsa wa duniya. Ku lura fa, duka ɓangarorin tunaninsu ɗaya: abu in gajere ne, ba shi da daraja.

Ni ma ban tsira ba. Wata ƙawata ta taɓa turo min labarinta mai shafi huɗu, ya yi wata uku a wayata ban duba ba, alhali a lokacin na cinye littafi mai babi sama da ɗari. Ranar da na karanta, labarin wata mai takaba ce, wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru.

Kuma fa da gajeren labari muka tashi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, juzu'i uku, mene ne in ba gajerun labarai da aka jera ba? A littafi na ɗaya, da su aku ya riƙe Musa ɗan sarki don kada ya fita. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ma ta gajerun labarai ce, kuma ta fito da mata marubuta da dama. A dogon littafi kana iya ɓoye rauninka cikin yawan babi, amma a shafi huɗu ba wurin ɓuya.

Idan muka ci gaba da raina gajere, marubuta za su yi ta jan labari kamar cingam, don sun ga tsawo kaɗai muke biya. Mu ne za mu yi asara.

Don haka roƙona: in an ba ka ƙari, karanta, ka yi godiya. In an sa masa kuɗi, ka biya ko ka haƙura, kar ka watsa. A wannan makon kuma kowa ya nemi gajeren labari ɗaya ya karanta har ƙarshe.