Jawabi A Kan Suna Da Kaciya: Wanne Ne Addini, Wanne Ne Al'ada?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku dattawanmu, da ku 'yan'uwa masu zuwa cin rani, Allah shi saka maku da alheri da kuka halarci wannan taro. An umurce ni in yi bayani bisa haihuwa, domin da yawa daga cikinku ana yi maku haihuwa kuna Abijan ko Legas ko Libiya, kuma bashin bukin suna ya fara raba zumunta a garin nan. To, bari mu ware abin da addini ya ɗora muna daga abin da muka ɗora ma kanmu.

Na farko, yankan suna. A mazhabarmu ta Imamu Malik, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, rago ɗaya ake yankawa, ko namiji aka haifa ko mace. Akuya ma ta wadatar, in dai ta cika sharuɗɗan layya. Raguna biyu ga ɗa namiji fatawar Shafi'iyya ce da Hambaliyya. Wanda ya gani a wata ƙasa kada ya zo ya raina na gida.

Ana yanka ran bakwai da hantsi. Ga lissafin: in an haihu Litinin bayan alfijir, ba a ƙidaya wannan yini, suna sai Litinin mai zuwa. In an haihu kafin alfijir, suna ran Lahadi. A magana mafi shahara, in bakwai ta wuce yanka ya faɗi. Saboda haka ba a jinkirta suna don jiran uba. Aiko da kuɗi da sunan da ka zaɓa, ka wakilta wanka ko ƙanenka. Wanda ba shi da hali kuwa, babu laifi a kansa, kuma ɗansa ba ya rasa albarka. Kada ka jinginar da gonar albasa don rago.

Nama a ci, a yi sadaka, a kai ma maƙwabta. Malamanmu sun karhanta a mai da shi walima ta gayya, haka kuma shafa ma jariri jinin. Ana so a aske kansa, a yi sadaka da azurfa ko zinariya daidai nauyin gashin. Muwaɗɗa ta ruwaito cewa Nana Faɗima ta yi ma Hasan da Husaini haka.

Na biyu, kaciya. Ga ɗa namiji sunna ce mai ƙarfi a wurin Malikiyya, wajibi ce a wurin Shafi'iyya. Imamu Malik bai so a yi ta ran haihuwa ko ran suna ba. An fi so a yi ta lokacin da ake umurtar yaro da salla, daga shekara 7 zuwa 10. Kun ga al'adar kakanninmu ta yi ma yara kaciya cikin sanyin ɗari tana da tushe. Sai dai aska ɗaya ga yara goma tana ɗaukar ciwon hanta da sida daga wannan zuwa wancan. A kai yaro likita, ga asibitin Galmi kusa, ga Malbaza, ga Ƙonni. In wanzami ne, kowane yaro da sabuwar rezarsa.

Na uku, abin da ba addini ba. Cire beli, da tsagar fuska, da zuba toka ko kashin shanu a cibiya, babu ko ɗaya da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umurta. Ta nan jini ke tsiyaya, ta nan ciwon da ke sandarar da jariri ke shiga. Kaciyar 'ya'ya mata ba farilla ba ce a mazhabarmu, cutarwarta wajen haihuwa ta tabbata, kuma dokar Nijar ta hana ta tun 2003.

Daga ƙarshe, haƙƙin ɗa ne a raɗa mashi suna mai kyau. A kai sunan ma'aikatar magajin gari a karɓo takardar haihuwa. Ku matafiya kun fi kowa sanin wahalar mutum maras takarda a bakin iyaka.

Dattawa, ku ne a gida, amanar waɗannan jarirai tana hannunku. Allah shi raya muna zuri'a bisa Musulunci, shi maido matafiyanmu lafiya. Amin.